Dare 44 a Marriott, shekara na ƙarewa: in ƙarasa Platinum ko in koma wani kamfanin?

Ɗan Hanya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka daɗe a harkar tara makin otal. Aikina na yawan tafiya ne. Kamfani ke biyan ɗaki, amma an bar mini zaɓin inda zan sauka, muddin ban haura abin da aka yanka mini ba. Shekara uku ke nan ina Marriott Bonvoy, wato tsarin tara maki na otal ɗin Marriott, inda yawan daren da ka kwana a shekara ke ba ka matsayi, kuma kowace shekara nakan yi dare 40 zuwa 45. Matsayin Gold dare 25 ne, na wuce shi nesa ba kusa ba. Platinum kuwa dare 50 yake so, kullum sai in tsaya a bakin ƙofa. Bana ina da 44, ga shi Oktoba ta kusa ƙarewa, kuma tafiyar aiki ɗaya ta rage mini, ta dare biyu.

Wani abokin aikina yana Hilton. Kwanakinmu kusan ɗaya ne, amma shi da safe sai ya wuce ɗakin cin abinci kyauta, ni in tsaya ina duba farashi. Ya ce in bar wahalar da kaina in dawo wajensu. Ina da maki wajen 180,000 da ban taɓa ba. Shin in tattara in koma, ko in daure? In zan koma, yaushe, kuma ta wace hanya?

Alhaji Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu je ga shawara, bari mu ajiye lambobin a gabanmu, don yawancin rigimar nan lissafi ce.

A Marriott, Silver dare 10 ne, Gold 25, Platinum 50, Titanium 75, sai Ambassador da ke son dare 100 haɗe da kashe sama da dala 20,000. A Hyatt, Discoverist 10, Explorist 30, Globalist 60. IHG, masu Holiday Inn da Crowne Plaza, Gold ɗinsu 20 ne, Platinum 40, Diamond 70. Accor, masu Ibis da Novotel da Sofitel, Gold 30, Platinum 60. Hilton kuwa shekara da shekaru ƙa'idarsu ita ce Gold dare 40 ko sauka 20 (wato zuwa otal sau 20, ko dare nawa ka yi a kowane zuwa), Diamond dare 60 ko sauka 30, daga baya ma sun sassauta.

Abin da mutane ba sa lura da shi: sunan matsayi ɗaya ne, abin da ke ciki daban. Gold na Hilton yana da karin kumallo. Gold na Marriott ba shi da shi, sai ƙarin maki kashi 25 cikin ɗari da damar jinkirta fita zuwa ƙarfe 2 in da sarari. Platinum na IHG ma bai kai ga karin kumallo ba, sai Diamond. To mai dare 40 zuwa 45 ya faɗa wani wawakeken rami a Marriott, alhali a Hilton adadin nan ya wadatar. Abokinka bai yi ƙarya ba.

Ɗan Hanya:
Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ke nan ka goyi bayan in koma?

Alhaji Akawu:
Ban ce ba tukuna. Na ce dai bai yi ƙarya ba.

Hajiya Mai Jaka:
Ni kam abin nan dariya yake ba ni. Babban mutum da aikinsa, yana neman sauya inda zai kwana shekara guda cur saboda abincin safe. Ɗan'uwa, nawa ne abincin? Kuma ba kamfaninku ke biyan kuɗin cin abinci a tafiya ba? In suna biya, to karin kumallon kyauta kamfani ka yi wa ragi, ba aljihunka ba.

Ni da kuɗina nake tafiya. Na yi shekara biyu ina bin matsayi, ina barin otal mai kyau da ke kusa da inda zan yi harkata, in tafi wani mai nisa don kawai a rubuta mini dare. Da na zauna na haɗa kuɗin mota da ƙarin farashin ɗaki, sai na ga abin da aka ba ni "kyauta" na biya shi ninki biyu. Tun daga ranar na daina. Inda ya fi kusa da sauƙi, nan nake sauka.

Ɗan Hanya:
Hajiya, gaskiya kin taɓo wani wuri. Kuɗin abinci dunƙule ake ba mu a rana, abin da ka rage naka ne. Amma ni ba ma abincin ne ya fi damuna ba, jinkirin fita ne. Sau da yawa jirgina na dare ne, sai in fita daga ɗaki ƙarfe 12 in zauna da jaka ina gadin kujera har yamma.

Alhaji Akawu:
To ka ga yanzu magana ta canza. In jinkirin fita ne damuwarka, Marriott ya fi maka. Platinum ɗinsu yana da tabbacin fita ƙarfe 4 na yamma a yawancin otal, ban da wuraren shaƙatawa da na manyan taruka, inda sai in da sarari. Globalist na Hyatt ma ƙarfe 4 ne. A Hilton kuwa, ga mai Gold, jinkirin fita roƙo ne, in an ga dama a ba ka. Da ka koma don abinci ka rasa wannan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ummu Yara:
Ku dai ku yi ta ja tsakanin Marriott da Hilton, amma duk wanda ya ɗanɗani Globalist ya san sauran wasa ne. Karin kumallo na manya biyu da yara biyu, ba a karɓar kuɗin nan na wurin shaƙatawa da ake ƙarawa a kan farashin ɗaki, kuma in akwai ɗaki ciki da falo a sake, sukan ba ka. Ga mai iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan Hyatt har yanzu suna da jadawalin makin da ake biyan ɗaki da shi, otal rukuni na 1 zuwa na 8, kana iya sanin makin da za ka tanada tun kafin lokaci. Marriott sun cire nasu jadawalin a 2022, Hilton tun 2017. Yanzu makin da za a nema a wajenka yana hawa da sauka da farashin ranar.

Baban Starwood:
Ummu Yara, gaskiyarki, amma bawan Allahn nan dare 45 yake yi. Wanda ya kasa kai 50 kike aikawa neman 60? Kuma Hyatt otal ɗinsu wajen 1,500 ne kawai a duniya, Marriott sun haura 9,000. Matsayin da babu otal ɗinsa a garin da aiki ya kai ka, ado ne kawai a waya.

Ni tun zamanin kamfanin otal na Starwood nake wannan harka, lokacin tsarin makinsu na SPG. Marriott suka saye su a 2016, a 2018 aka haɗe SPG da Marriott Rewards da na Ritz-Carlton, a 2019 aka raɗa wa abin suna Bonvoy. Da yawa cikin 'yan SPG a lokacin suka yi fushi suka koma Hyatt. Wasu suna can har yau suna jin daɗi. Wasu bayan shekara suka dawo, don garuruwan da suke zuwa Sheraton ce a ciki, ba Hyatt ba. Abin da ya raba su shi ne taswira. Malam, buɗe jerin garuruwan da ka kwana a shekara biyu da suka wuce, ka duba kowane kamfani otal nawa yake da shi a can wanda kuɗin da aka yanka maka zai kai. Nan amsarka take.

Ummu Yara:
Baba, na karɓa. Ni dai na faɗi abin da na gani ne.

Sabon Shiga:
Don Allah a yi haƙuri da tambayar jahili. Me zai hana ya raba, rabi nan rabi can, ya ci moriyar duka biyun?

Baban Starwood:
Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Dare 45 in ka raba biyu, 22 da 23 ke nan. A Marriott ko Gold ba ka kai ba. Raba ƙafa na mai dare 100 ne zuwa sama.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Bari in sa baki, don na yi shekaru a teburin karɓar baƙi, a wani otal da ba zan ambaci sunansa ba.

Abu na farko da ya kamata ku sani: yawancin otal ɗin da kuke gani da sunan manyan kamfanonin nan ba mallakarsu ba ne. Wani mai kuɗi ne ya gina, ya ɗauki sunan yana biyan kaso. Kamfani ne ke yi muku alkawarin abinci da babban ɗaki, amma daga aljihun mai ginin abin ke fita. Shi ya sa za ka je wani otal a karɓe ka kamar ango, ka je wani mai suna iri ɗaya a yi kamar ba a ga matsayinka ba.

Na biyu, yawan masu matsayi. Kowace safiya mukan buga jerin masu shigowa. A tsakiyar mako, lokacin da matafiyan aiki suka cika gari, sai ka ga masu babban matsayi sun fi talatin, ɗakuna ciki da falo kuwa ba su wuce shida ba, huɗu an riga an sayar. Wa za ka ba? Sai wanda ya fi matsayi, sai wanda ya saba zuwa muka san fuskarsa. Wallahi baƙon da ke zuwa mana duk wata, ko ba shi da wani matsayi, ya fi samun kulawa a kan wanda ya zo da babban kati sau ɗaya. Don haka in garuruwanka uku ne ko huɗu da kake maimaitawa, sabon da ka yi da otal ɗin nan ma wata dukiya ce, kuma ba ta bin ka in ka sauya.

Kada ka sauya don a ɗaga maka ɗaki. Wannan sa'a ce. Ka sauya don abin da aka rubuta cewa haƙƙinka ne.

Hajiya Mai Jaka:
Ka ji mai gaskiya. Ni an taɓa ce mini babu ɗaki babba, ina tsaye a gaban tebur na buɗe waya na ga suna sayar da shi a daren. Ba zan faɗi wurin ba. Da na nuna wa yaron sai ya ce wai wannan ba ya cikin waɗanda ake bayarwa.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Hajiya, kuma wataƙila ba ƙarya ya yi ba. Akan ware wasu ɗakuna a ba su wani suna na musamman don kada su shiga cikin na kyauta. Yaron umarni yake bi.

Alhaji Akawu:
To mu dawo kan tambayarsa ta biyu, yaushe kuma ta wace hanya.

Duk kamfanonin nan daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba suke ƙirga dare. Matsayin da ka samu yana bin ka sauran shekarar, da shekara mai zuwa gaba ɗaya, a Marriott da Hyatt har ƙarshen Fabrairun wadda ke biye. Ma'ana, wanda ya sauya a Oktoba ya zubar da 44 ɗin da ya tara, kuma bai isa ya tara wani abin kirki a sabon wuri ba kafin a share allo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauyi na Janairu ne.

Hanyar kuwa, ba sai ka fara daga ƙasa ba. Akwai abin da ake kira daidaita matsayi. Za ka nuna wa sabon kamfanin shaidar matsayinka a wajen kishiyarsu, da shaidar ka kwana kwanan nan, sai su ba ka makamancinsa na ɗan lokaci, yawanci kwana 90. A cikin kwanakin nan za a ce ka yi dare kaza in kana son ya tabbata. Hilton sun daɗe suna yin wannan. Adadin daren yana canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka karanta sharaɗin ranar da za ka nema. Amma ka kiyaye abu biyu. Ba a ba mutum wannan dama a kai a kai, in ka ƙona ta sai ka jira. Sannan agogo yana fara bugawa ne daga ranar da aka amince, don haka kada ka nema sai ka ga tafiye-tafiye sun jeru a gabanka.

Kuma ga inda nake son ka lura: da abin da ke hannunka ake auna abin da za a ba ka. Mai Platinum ya fi mai Gold ƙarfin ciniki. Ko da ka yanke shawarar tafiya, ka fara kai 50 ɗin.

Ɗan Hanya:
Na gane, Alhaji. Amma 44 da 2, 46 ke nan. Huɗun fa? In kama ɗaki da kuɗina in kwana ba gaira ba dalili? Na ji wasu na yi, amma raina bai kwanta ba.

Hajiya Mai Jaka:
Kada ka soma. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Alhaji Akawu:
Ba sai ka ciro ko sisi ba. Kai da ka ce kana da maki 180,000? Daren da ka biya da maki ana ƙirga shi cikin daren matsayi, daidai da na kuɗi. Kuma a Marriott in ka kama dare biyar a jere da maki, na huɗu kawai za ka biya. Ka ɗauki iyali a Disamba ku je hutun dare biyar. 46 da 5, 51. Ka huta, ka rage makin da kullum darajarsa ke zaizayewa, ka shiga sabuwar shekara da Platinum.

Sharaɗi dai sai ka je da kanka ka karɓi ɗakin. Kama ɗaki a waya ka ƙi zuwa ba ya shiga lissafi. Kuma kada ka ce za ka kama ɗaki biyu na dare biyu a rubuta maka huɗu. A Marriott ana iya ba ka makin ɗaki har uku, amma daren matsayi na ɗaki ɗaya ne kawai.

Baban Starwood:
Ƙari a kan na Alhaji: kana taka 50 za a ba ka zaɓin kyautar shekara, a ciki akwai ƙarin dare biyar na matsayi, akwai kuma takardun neman babban ɗaki na dare biyar. Sannan shekarun Platinum suna taruwa. Dare 600 da shekara 10 a Platinum, ka samu na har abada. Kai da ka yi shekara uku kana da dare 130 ko kusa. Ba su da yawa da za su ɗaure ka, amma ka sani ranar da ka tafi suna nan inda ka bar su, ba sa bin ka.

Sai dai kada a ruɗe ka, Platinum ma ba ko'ina yake ba da karin kumallo ba. Ritz-Carlton da EDITION babu. Haka Gold na Hilton, a Amurka tun 2021 ba abinci suke bayarwa kai tsaye ba, wani ɗan adadin kuɗi ne a rana da za ka ci da shi, wani lokaci bai isa ba.

Sabon Shiga:
Ni fa duk ta Booking.com nake kama ɗaki. Ke nan duk kwanakin da na yi ba a rubuta mini ba?

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Ba a rubuta ba, ƙanena. In ka bi ta Booking.com ko Expedia, otal na biyan su kaso, don haka kamfanin ba ya ba ka maki ko dare, yawanci ko alfarmar matsayi ba a yi maka. Sai ka kama ta manhajar kamfanin ko shafinsu. Malam Ɗan Hanya, kai ma ka duba wannan. In ofishinku ne ke kama muku ɗaki ta wani dillali, ko aka haɗa kuɗin ƙungiya a takarda ɗaya, wasu kwanakin kan salwanta. Ka bi rasit ɗinka na bana ɗaya bayan ɗaya ka gwada da abin da ke cikin asusunka. Wanda bai shiga ba kuma ya cancanta, akwai wurin da ake tura ƙorafi da hoton rasit, amma akwai wa'adi, kada ka yi sanyi.

Mai Kati:
Duk wannan dogon lissafi, kati ɗaya ya gama shi. Katin bashi na American Express Platinum yana ba da Gold na Hilton da Gold na Marriott ba tare da ka kwana ko dare ɗaya ba. Wasu katunan Marriott na Amurka kuma suna zuba maka dare 15 a farkon kowace shekara. 45 da 15, ka wuce 50 kana barci.

Alhaji Akawu:
Gaskiya ne, amma ka faɗi sauran. Yawancin katunan nan sai mazaunin ƙasar da ake bayar da su, mai tarihin bashi a can, kuma akwai kuɗin shekara mai nauyi. Ba kowa a zauren nan ke da hanyar ba. Kuma su ne suka cika jerin nan da ɗan'uwanmu ma'aikacin otal yake magana.

Mai Kati:
To Alhaji, laifinmu ne da muka samu hanya?

Hajiya Mai Jaka:
Ba laifinku ba ne. Amma in kowa sarki ne, wa zai yi fadanci? Ni har yanzu tambayata ga mai tambaya ita ce: shekara mai zuwa fa? Bana ka cike da maki. Baɗi ka sake yin 44, makin ya ragu. Haka za ka yi ta ciko kowace Disamba?

Ɗan Hanya:
Hajiya, wannan tambayar ta hana ni barci jiya. Na zauna na yi abin da Baba ya ce. Garuruwa bakwai nake zuwa. Marriott na da otal da kuɗina ya kai a shida, Hilton a huɗu, Hyatt a ɗaya tak, shi ma ya fi ƙarfin abin da aka yanka mini. Ummu Yara, ki yi haƙuri.

Na kuma bi rasit kamar yadda aka ce. Ashe akwai dare biyu na watan jiya da ba su shiga ba, ofis ne ya kama ɗakin ba a sa lambar asusuna ba. Na tura ƙorafi yau da safe. In an karɓa, 48 ke nan da tafiyar da ta rage.

Zan kama dare biyar ɗin da maki a Disamba. Game da baɗi, a shekara nakan samu makin da zai biya hutu ɗaya, kuma dama hutun muna yin sa, a wani wurin daban muke kashe kuɗi. In na mayar da shi nan, cikon ya zo da kansa. Hilton kuma zan ajiye damar daidaita matsayin, in aiki ya karkata zuwa garuruwansu in nema da Platinum a hannu.

Saura tambaya ɗaya, Alhaji. Daren 31 ga Disamba da zan fita 1 ga Janairu, wace shekara ake rubuta shi?

Alhaji Akawu:
Kada ka kai kanka wannan gaɓar. Ka gama kafin 20 ga wata, don in wani dare bai shiga ba ka samu lokacin bin sa.

Baban Starwood:
Kuma ka dawo ka ba mu labarin ranar farko da ka kai ƙarfe 4 a ɗaki.

Hajiya Mai Jaka:
A tambayi uwargida tukuna ko otal ɗin da makin zai kai nan take son zuwa.